Shin Jarida Ce ta Haifi Tseren Keke na Zagayen Faransa?

Bakatsinen_Legas:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Jiya da yamma muna hira a wurin aiki a kan tseren keken nan da ake kira Tour de France, sai wani abokin aikina ya ce ba son wasa ne ya sa aka ƙirƙiro shi ba, wata jarida ce da kasuwarta ta kusa mutuwa ta shirya shi domin ta sami masu saye. Na musa masa, domin a ganina abin da ya shekara fiye da ɗari ana yi ba zai rasa tushe mai daraja ba. Na kuma ce masa mutanen farko sun fi na yanzu gaskiya, tunda a zamaninsu babu kuɗi masu yawa, babu kuma magungunan ƙara kuzari da suka ɓata sunan gasar daga baya. Ina roƙon masana su raba mana wannan gardama.

Malam_Tarihi:
Wa alaikumus salam. Malam Bakatsine, ka yi haƙuri, a magana ta farko abokin aikinka ya fi ka kusa da gaskiya. A ƙarshen ƙarni na 19 babbar jaridar wasanni a Faransa ita ce Le Vélo, wato Keke da Faransanci, wadda ake bugawa a kan koriyar takarda, kuma editanta Pierre Giffard ne. A lokacin ƙasar ta rabu biyu a kan shari'ar Alfred Dreyfus, wani hafsan soja Bayahude da aka ɗaure bisa zargin sayar wa Jamus asirin soja, daga baya kuma aka wanke shi. Giffard yana cikin masu cewa an zalunci Dreyfus, alhali wasu manyan masu masana'antu da ke ba jaridarsa talla, musamman Jules-Albert de Dion mai ƙera motoci, suna ɗaya ɓangaren. Da rigima ta yi tsami, sai de Dion da wasu attajirai irin su Adolphe Clément da Édouard Michelin suka zuba kuɗi aka kafa kishiyar jarida a 1900, aka sa mata suna L'Auto-Vélo, aka ɗauko Henri Desgrange ya zama edita, ana buga ta a kan takarda mai ruwan ɗorawa. Jaridar Le Vélo ta kai ƙara a kan sunan, kotu ta ba ta gaskiya, shi ya sa tun daga farkon 1903 jaridar ta koma L'Auto kawai.

To, jaridar da aka cire wa kalmar keke daga sunanta, ga kuma ciniki ba ya tafiya yadda masu kuɗin suke so, dole ta nemi abin da zai ja hankalin masu sha'awar keke. A wani zama da aka yi ranar 20 ga Nuwamba 1902, wani matashin ɗan jarida mai suna Géo Lefèvre ya kawo shawarar a shirya tseren da zai zagaya ƙasar gaba ɗaya, zango bayan zango. Victor Goddet, mai riƙe da asusun jaridar, ya yarda a kashe kuɗin, aka sanar da gasar ranar 19 ga Janairu 1903. Domin mu gane nisan zamanin, wannan ita ce shekarar da sojojin Ingila suka ci Kano da Sakkwato.

Ɗan_Damagaram:
Allah ya ƙara basira, Malam. Ina so in ƙara cewa da farko mutane ba su amsa kiran ba. An tsara gasar za ta ɗauki kusan mako biyar, amma mutum goma sha biyar kacal suka rubuta sunansu, domin lebura ko ɗan ƙwadago ba zai iya barin aikinsa tsawon wannan lokaci ba. Sai Desgrange ya matse ta zuwa kwana 19, daga 1 zuwa 19 ga Yuli, ya rage kuɗin shiga daga faran 20 zuwa 10, ya kai jimillar kyaututtuka faran 20,000, ya kuma yi alkawarin ba da guzurin faran biyar a kowace rana ga waɗanda suka cika sharaɗin gudu. A lissafinmu na Nijar faran biyar dala ɗaya ke nan, abin da yau ko alawa ba zai saya ba, amma a Faransar wancan zamani ya yi daidai da abin da ma'aikacin masana'anta ke samu a yini. Da aka yi haka ne mutum 60 suka hallara a gaban wani gidan shan kofi mai suna Au Réveil-Matin a garin Montgeron, kusa da Paris, suka tashi da ƙarfe uku da minti goma sha shida na yamma. Zango shida aka yi, kilomita 2,428, ta Lyon da Marseille da Toulouse da Bordeaux da Nantes a dawo Paris, kuma mutum 21 suka kai ƙarshe.

Uwar_Biyu:
Don Allah ku tsaya in fahimta. Idan aka raba kilomita 2,428 gida shida, kowane zango ya haura kilomita 400 ke nan. Shin a rana ɗaya ake yin wannan tafiya a kan keke, ko kuwa ana yada zango a kwana a hanya?

Ɗan_Damagaram:
Babu kwana a hanya, Hajiya. Zangon farko daga Paris zuwa Lyon kilomita 467 ne, wato kamar mutum ya tashi daga Damagaram ya je Maraɗi ya juyo, ko ga mutanen Najeriya ya tashi daga Kano ya taɓa Kaduna ya dawo. Maurice Garin ya yi shi cikin sa'a 17 da minti 45, ya kwana yana tuƙi a kan hanyar da ba kwalta, ya isa Lyon da hantsi. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne akwai hutun kwanaki tsakanin zango da zango. Garin ne ya ci gasar da jimillar sa'a 94 da minti 33, ya ba na biyu, Lucien Pothier, ratar kusan sa'a uku, ratar da har yau ba a sake ganin irinta ba. Na ƙarshe kuwa, Arsène Millocheau, yana bayansa da fiye da sa'a 64.

Mai_Faci_Sabon_Gari:
Ni sana'ata gyaran keke ce, shekara ashirin da wani abu ina yi, saboda haka abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kekunan da suka hau. Ƙarfe ne mai nauyi, giyarsa ɗaya, kusan irin kekunan da iyayenmu ke ɗaura wa buhun hatsi su kai kasuwa, sai dai an lanƙwasa kan ƙasa. Bayan 'yan shekaru suka riƙa sa haƙora iri biyu a gefe da gefen wilin baya, ta yadda idan mutum ya zo gindin dutse sai ya sauka, ya kwance wilin, ya juya shi, ya mayar da sarƙa, sannan ya ci gaba. Na'urar sauya giya ana cikin tafiya ba a yarda manyan 'yan tsere su yi amfani da ita a wannan gasa ba sai 1937, domin Desgrange yana ganin ƙarfin ƙafa ya kamata a gwada, ba dabarar inji ba. Tayar canji kuma a kafaɗa ake rataya ta, a gicciye a ƙirji. Lokacin ina saurayi na taɓa yin tafiyar da ba ta wuce kilomita sittin ba a kan irin keken namu zuwa ƙauyen kakata, na yi faci sau biyu a hanya, da na isa kuma sai da na kwana biyu ina zama a gefe guda saboda abin da sirdi ya yi mini. Duk wanda ya yi kilomita 467 a kan wannan sirdi, ko me za a faɗa a kansa daga baya, ni dai ya sami girmamawata.

Ɗalibar_Faransanci:
Malam_Tarihi, ina neman afuwa, amma ina ganin an matse labarin da yawa idan aka ce neman ciniki ne kaɗai. Desgrange kansa ɗan tseren keke ne kafin ya zama edita, kuma shi ne ya kafa tarihin gudun sa'a ɗaya a 1893, inda ya yi kilomita 35 da mita 325. Dogayen tseren keke ma sun riga jaridarsa zuwa duniya, domin an yi na Paris zuwa Rouen tun 1869, an fara na Bordeaux zuwa Paris a 1891. Bugu da ƙari, sunan zagayen Faransa ba sabo ba ne a kunnen Faransawa. Tun da daɗewa masu koyon sana'ar hannu, kafintoci da magina da maƙera, sukan yi shekaru suna yawo gari-gari suna aiki a ƙarƙashin gwanaye daban-daban, kuma wannan yawon nasu shi ake kira da wannan suna. Ga kuma raɗaɗin yaƙin 1870 da Jamus ta ƙwace musu Alsace da wani yanki na Lorraine, wanda ya sa zana iyakar ƙasa da tayar keke ya zama abu mai taɓa zuciya. Har a birnin Metz gasar ta riƙa yada zango daga 1907, lokacin yana hannun Jamus. Jarida ta shuka, na yarda, amma a ƙasar da ta riga ta jiƙa ta shuka.

Malam_Tarihi:
Malama, gyaranki ya karɓu, kuma ban ce Desgrange ba ya son keke ba. Sai dai ki lura da abu biyu. Tseren Paris zuwa Brest a dawo, wanda aka yi a 1891, Giffard ɗin nan ne ya shirya shi lokacin yana aiki da jaridar Le Petit Journal, wato dabarar sayar da jarida da tseren keke ta riga L'Auto, da makamin abokin gaba aka yaƙe shi. Na biyu kuma, Desgrange bai bi gasar farko da kansa ba, ya zauna a Paris, ya tura Lefèvre yana bin 'yan tsere a jirgin ƙasa da keke, shi ne alƙali, shi ne mai duba agogo, shi ne kuma mai aiko da labari. Da gasar ta karɓu, cinikin jaridar ya tashi daga kofi 25,000 zuwa 65,000 a rana, Le Vélo kuwa ta rufe a 1904. Maƙwabta ma wannan hanya suka bi: jaridar La Gazzetta dello Sport ce ta kafa zagayen Italiya a 1909, jaridar Informaciones kuma ta kafa na Spain a 1935.

Sarkin_Gardama:
Kun tsaya a kan rabin tambayar kun bar rabin da ya fi daɗi. Malam Bakatsine ya ce mutanen farko sun fi gaskiya, to bari mu duba gasa ta biyu, ta 1904. A zango na biyu, cikin duhun asuba, a hawan dutsen République kusa da Saint-Étienne, magoya bayan wani ɗan garin mai suna Alfred Faure suka tare hanya, suka bar nasu ya wuce, suka rufe sauran da sanduna da duwatsu. An ji wa Garin rauni, an yi wa wani ɗan Italiya mai suna Giovanni Gerbi dukan da ya tilasta masa barin gasar, kuma taron bai watse ba sai da jami'ai suka harba bindiga sama. A Nîmes ma an yi jifa saboda an kori wani ɗan yankin, Ferdinand Payan. An watsa ƙusoshi a kan hanya. Su kansu 'yan tseren an zarge su da hawa jirgin ƙasa da dare da kuma bari mota ta ja su. Bayan wata huɗu da kammala gasar, ƙungiyar tseren keke ta Faransa ta soke sakamakon mutum huɗu na farko, wato Maurice Garin da Pothier da César Garin, ƙanen Maurice, da Hippolyte Aucouturier, aka dakatar da Garin shekara biyu. Sai nasara ta faɗa hannun na biyar, Henri Cornet, wanda bai cika shekara ashirin ba, kuma har yau babu wanda ya ci gasar yana ƙasa da shekarunsa. Desgrange da kansa ya rubuta cewa yana tsoron wannan gasa ta biyu ita ce ta ƙarshe. Idan wannan ce gaskiyar mutanen da, to ban san abin da ake kira maguɗi ba.

Bakatsinen_Legas:
Ikon Allah. Wato tun gasar tana da shekara ɗaya aka fara ƙwace kambi daga hannun wanda ya ci. Wannan ban taɓa jin sa ba.

Hajiyar_Maraɗi:
Ɗana Sarkin_Gardama, ba na kare maguɗi, amma ya kamata a dubi su wane ne waɗannan mutane kafin a yanke musu hukunci. Garin an haife shi a 1871 a wani ƙauye cikin duwatsun arewacin Italiya, talauci ya koro iyalinsa zuwa Faransa, tun yana yaro yake shiga bututun hayaƙin gidajen mutane yana sharewa, har laƙabinsa ya zama ƙaramin mai share bututu, kuma sai a 1901 ya zama ɗan ƙasar Faransa. Abin da ya samu a gasar 1903 ya haura faran 6,000, kuɗin da ma'aikaci zai yi shekaru bai tara ba, daga baya kuma ya buɗe garejin mota a garin Lens ya rayu da shi har ya rasu a 1957. Saboda haka maganar cewa babu kuɗi a lokacin ma ba ta tsaya ba, kuɗin ne ya fito da su. Ka sa matalauci a hanya cikin dare, babu mai ganinsa, ga tashar jirgi a gefe, ga arzikin rayuwarsa a gaba, sannan ka yi mamaki don wani ya karkace? Wanda ya tsara tafiyar dare yana da nasa kason na laifi.

Sarkin_Gardama:
Na karɓa, Hajiya, kuma masu shirya gasar sun gane haka, shi ya sa a 1905 suka ƙara zangunan zuwa 11, suka gajarta su domin a yi tafiyar da rana. Suka kuma daina lissafi da agogo suka koma lissafin maki bisa matsayin da mutum ya zo a kowane zango, tsarin da aka bi har 1912. Amma hakan bai hana a sake watsa ƙusoshi tun a zangon farko na 1905 ba. A 1911 ma Paul Duboc ya faɗi a hanya yana amai bayan ya sha wani abu daga kwalbar da aka miƙa masa, mutanen garinsu Rouen suka ɗora wa Gustave Garrigou laifi, har sai da aka ɓad da kamanninsa kafin ya ratsa garin.

Baƙon_Toulouse:
Ni karatu ya kawo ni kudancin Faransa, kuma a bazarar bara wasu abokai suka ɗauke ni a mota muka hau Tourmalet, mashigin dutsen nan da ke cikin tsaunukan Pyrénées mai tsayin mita 2,115. Ko a mota sai da kunnuwana suka toshe, hanyar tana nannaɗewa kamar maciji, shanu da tumaki suna kiwo a gefe, kuma duk da ana cikin watan Yuli sai da na sa rigar sanyi a ƙoli. Abin da ya zo mini a rai shi ne a 1910 aka fara tura mutane nan a kan keke mai giya ɗaya, lokacin hanyar burtali ce ta makiyaya. Wani ma'aikacin L'Auto, Alphonse Steinès, shi aka aika ya duba hanyar. Labarin da ake bayarwa shi ne dusar ƙanƙara ta tare motarsa, ya ci gaba da ƙafa, ya ɓace cikin dare, aka tsinto shi sanyi ya kusa kashe shi, amma da gari ya waye ya buga wa Desgrange waya cewa hanya tana da kyau ƙwarai. Zangon da aka yi daga Luchon zuwa Bayonne kilomita 326 ne, da manyan duwatsu huɗu a jere, Peyresourde da Aspin da Tourmalet da Aubisque. Octave Lapize, wanda ya ci gasar a shekarar, ya tura kekensa da hannu a wasu wuraren, kuma da ya iso kan Aubisque ya dubi jami'an gasar ya kira su masu kisan kai. A shekarar ce kuma aka fara sa motar da ke bin baya tana kwashe waɗanda suka gaza, wadda suka sa wa suna motar tsintsiya. Wannan ya dawo da mu ga maganar Malam_Tarihi, domin wahalar 'yan tsere ita ce hajar da jaridar ke sayarwa, kuma da mai karatu ya saba da wata wahala sai a nemo masa wadda ta fi ta. Shekara ɗaya bayan haka aka ƙara Galibier a tsaunukan Alpes.

Jikan_Maƙera:
Tunda an ambaci Tourmalet, ku ba ni dama in kawo labarin da ya shafi gidanmu, domin ni a maƙera na tashi, kuma aikina na farko a duniya shi ne zuga. A 1913 Eugène Christophe yana gangarowa daga wannan dutse, yana cikin waɗanda ake sa ran za su ci gasar, sai fok ɗin kekensa ya karye, wato ƙarfen nan mai rassa biyu da ke riƙe da wilin gaba. Doka ta ce ɗan tsere shi zai gyara kekensa da hannunsa, ba mai taimaka masa. Sai ya saɓa keken a kafaɗa ya gangara da ƙafa kimanin kilomita goma har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya sami maƙera, ya shiga. Maƙerin yana tsaye yana gaya masa yadda zai yi da baki, alƙalan gasa suna tsaye suna kallo, shi kuma ya sa ƙarfe a wuta yana ƙira. Duk wanda ya san ƙira ya san hannu ɗaya yana riƙe da awartaki, ɗayan yana riƙe da masaba, to da wane hannu zai yi zuga? Sai wani ƙaramin yaro ya ja masa zugazugin. Saboda wannan kaɗai alƙalai suka ci shi tarar minti goma, mutumin da ya riga ya yi asarar kusan sa'a huɗu. Duk da haka ya hau kekensa ya ƙarasa zangon, ya kuma zo na bakwai a Paris. Lokacin da na karanta wa mahaifina wannan labari, ya daɗe yana dariya, sannan ya ce a wurinmu ɗan zuga ba a lissafa shi cikin maƙera, in ba haka ba da tun ina shekara bakwai ake biya na lada.

Mai_Faci_Sabon_Gari:
Wallahi wannan tara zalunci ce. Amma, ɗan'uwana Jikan_Maƙera, dokar kanta tana da dalili, domin a lokacin akwai 'yan tseren da manyan kamfanonin keke ke ɗaukar nauyinsu, akwai kuma 'yan ka-da-kai da ke shiga da kuɗin aljihunsu, su nemi masaukinsu, su wanke kayansu. Da an bar kowa ya karɓi taimako, da mai kamfani ya sauya keke cikin minti ɗaya, talaka kuma ya kwana a daji. Alƙalan ne suka rasa hankalin bambance taimako da zuga.

Baƙon_Toulouse:
Mun bi ta wannan ƙauye a ranar da na ambata. Ginin maƙerar yana nan, an manna masa allon tunawa, kuma na ga masu keke suna tsayawa suna ɗaukar hoto a gabansa.

Uwar_Biyu:
Duk sunayen da kuke kawowa na Turawa ne. A wancan lokaci Faransa tana mulkin ƙasashe da yawa a Afirka, har da Nijar. Shin ba a sami ɗan Afirka ko ɗaya a gasar ba?

Ɗalibar_Faransanci:
An samu, Yaya. Ali Neffati, ɗan Tunisiya, ya shiga gasar 1913 yana matashi, ya sake shiga a 1914, kuma an san shi da jar dara da yake sawa a ka yana tuƙi. Shi ake lissafawa ɗan Afirka na farko a gasar. Baƙi daga maƙwabtan Faransa kuwa tun farko suna ciki: Charles Laeser na Suwizalan ya ci zango na huɗu a 1903, François Faber na Lukzambur ya zama baƙo na farko da ya ci gasar gaba ɗaya a 1909, 'yan Beljiyam kuma suka karɓe ta daga 1912. Salon tseren zango-zango ya iso yankinmu daga baya, kuma wanda ya fi suna shi ne zagayen Burkina Faso da aka fara a 1987.

Malam_Tarihi:
Ambaton Faber ya tuna mini da yadda wannan zamani na farko ya ƙare. Gasar 1914 ta tashi ne ranar 28 ga Yuni, ranar da aka harbe yariman Ostiriya a Sarajevo, kuma 'yan kwanaki bayan Philippe Thys ya ci ta aka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ba a yi gasar ba daga 1915 zuwa 1918. Mutum uku da suka taɓa cin ta ba su ga ƙarshen yaƙin ba: Faber ya mutu a fagen daga a 1915, an harbo jirgin saman Lapize a 1917, Lucien Petit-Breton kuma, wanda shi ne ya fara cin gasar sau biyu a 1907 da 1908, ya mutu a haɗarin mota yana aikin soja a ƙarshen 1917. Da aka dawo a 1919, hanyoyin arewacin ƙasar duk yaƙi ya farfasa su, tayoyi sun yi wuya, mutum goma kacal aka lissafa a sakamakon ƙarshe. A wannan shekara ce, ranar 19 ga Yuli a Grenoble, aka fara ba wanda ke kan gaba riga mai ruwan ɗorawa domin jama'a su gane shi, kuma wanda ya fara sa ta shi ne Christophe ɗin Jikan_Maƙera. Bai ji daɗinta ba, domin 'yan kallo sun riƙa yi masa ba'a suna kiran sa kanari. Saura zango biyu a gama, yana kan gaba, fok ɗinsa ya sake karyewa, Firmin Lambot na Beljiyam ya wuce ya ci, shi ya zo na uku.

Ɗan_Damagaram:
To ga amsar Malam Bakatsine a jikin rigar kanta. Launin takardar L'Auto aka ɗauko aka sa wa gwarzon gasar, kamar yadda Italiyawa suka sa wa nasu riga mai launin takardar jaridarsu a 1931. Wanda ke kan gaba ya zama allon talla mai tafiya.

Ɗalibar_Faransanci:
Wannan shi ne bayanin da ya fi yaɗuwa, amma akwai masu cewa bayan yaƙi yadi ya yi ƙaranci, kuma wannan launi da ba a cika saye ba shi ne ya samu da yawa a lokacin. Thys ma ya yi iƙirarin cewa an taɓa ba shi irin wannan riga tun 1913. Ni dai ina nan a kan bakana cewa jama'ar da suka fito bakin hanya tun 1903 ba don jarida suka fito ba. Lokacin da Christophe ya rasa gasar 1919, masu karatu ne suka yi masa karo-karo har abin da ya samu ya zarce kyautar wanda ya ci.

Sarkin_Gardama:
Kuma a shafin wace jarida aka yi karo-karon, Malama? Bari in ƙarasa wa Malam Bakatsine batun magunguna, tunda shi ne ginshiƙin hujjarsa. A 1924 Henri Pélissier, wanda ya ci gasar 1923, ya fice daga tseren tare da ɗan'uwansa Francis bayan wani alƙali ya ɗaga masa riga yana duba ko ya yar da wadda ya sa ta sanyin asuba, domin doka ta hana yar da kaya a hanya. Suka zauna a wani gidan shan kofi a Coutances tare da ɗan jarida Albert Londres, suka zazzage masa abin da ke cikin jakarsu, har da hodar iblis da ƙwayoyi iri-iri, suka ce da waɗannan suke tafiya. A lokacin babu dokar da ta hana, babu kuma gwajin fitsari.

Bakatsinen_Legas:
Na gode wa kowa, kuma gobe zan nemi abokin aikina in ba shi gaskiyarsa a kan batun jarida, ko da yake zan kai masa da hujjojin Ɗalibar_Faransanci domin kada ya yi mini dariya da yawa. Batun gaskiyar mutanen da kuwa na janye rabinsa. Rabin da na riƙe shi ne na Christophe, domin mutumin da ya saɓa karyayyen keke ya nemi maƙera, alhali yana iya zama a bakin hanya ya jira mota, ban ga abin da zai sa a haɗa shi da masu hawa jirgin ƙasa ba.

Hajiyar_Maraɗi:
Ai tare suka yi zamani, Malam, a hanya ɗaya kuma a ƙarƙashin doka ɗaya.

Jikan_Maƙera:
Malam Mai_Faci, ina da tambaya a gare ka tunda aikinka ne. Fok ɗin da aka ɗinke a wutar maƙera cikin gaggawa, ba tare da walda irin ta yanzu ba, kuma mutumin ya hau shi ya haye Aspin da Peyresourde a yammacin ranar, kai da za ka yarda ka gangara dutse a kansa?

Mai_Faci_Sabon_Gari:
Idan ni na ɗinke shi da hannuna, zan hau. Idan kai ka ɗinke, sai na fara ganin wanda ya yi maka zuga.